Maye Ya Kama Agogon Rewaya

Kowa a layin makanikai Rewaya yake kiransa, har matarsa ma idan ta so tsokana. Shekara ashirin da shida ya yi yana naɗa wayar tagulla a cikin injinan da suka ƙone: fanka, injin ruwa, janareta, injin niƙa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai warin banish, man da ake tsoma naɗin waya a ciki, da ƙonanniyar roba. Akwai dogon benci da ya yi baƙi ƙirin, a gefensa na hagu kuma ga wani ƙaton mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika, yana manna masa sukurori don kada su ɓace. Yatsunsa duk sun yi kanta, amma idan ya kama waya siririya kamar gashin jariri ba ya tsinka ta.

A shekara ta ashirin da shidan ne wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone injina tara a kamfanin ƙanƙara. Mako biyar ya yi a kansu, suka tashi gaba ɗaya, aka sallame shi da hannu biyu. Da ya koma gida ya zauna yana lissafa abin da za a gyara da kuɗin, ya fara da rufin kicin.

"Baban 'yan biyu, rufin nan bara aka gyara shi," in ji matarsa. "Yaran sun gama karatu, kowacce tana cin gumin kanta. Sau ɗaya dai a rayuwarka ka sayi abin da ba za a ci ba, ba za a zauna a kai ba."

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Agogo."

"Agogo kawai? Ai ga su nan a bakin titi kamar tumatir."

"Ba na batir ba."

Sai ya ba ta labari. Manajan kamfanin ƙanƙarar ya taɓa cire nasa ya ajiye a kan tebur zai wanke hannu, agogon ya kife. Bayansa gilashi ne. Rewaya ya leƙa ya ga 'yan faya-fayai masu haƙora suna cizon juna, wani ɗan zobe yana kai da komo kamar zuciyar tsuntsu. Babu waya, babu batir. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa wutar lantarki bauta, ga wani abu yana tafiyarsa bai san da ita ba. Tun ranar abin ya tsaya masa a rai, kunyar faɗa kawai yake ji.

"To, je ka sayo zuciyar tsuntsunka," in ji ta. "Amma ka goge faratan nan kafin ka nuna wa mutane hannu."

Maƙwabcinsa mai faci, wanda suka yi shekara ashirin suna shan shayi a benci ɗaya, da ya ji zancen sai da ya ajiye guduma don dariya. Ya miƙo hannunsa, ga wani agogo ruwan zinariya yana walƙiya, ɗauke da sunan da kowa ya sani.

"Mutumina, duba nan. Sunan iri ɗaya, ƙyallin iri ɗaya. Kuɗin facin taya uku na saye shi. Wa zai tsayar da kai a hanya ya buɗe cikinsa?"

Rewaya ya karɓa ya auna a tafin hannu. Ba nauyi, kamar murfin kwalba. Hannun daƙiƙa yana tsalle ɗaya-ɗaya irin na batir.

"Ni zan sani," ya ce, ya mayar masa.

Ranar Asabar ya sa rigarsa mafi kyau, ya goge farata da burushi har suka yi zafi, ya hau bas zuwa babban kantin da ke tsakiyar gari. Sanyin wurin ya dake shi tun daga ƙofa. Agogunan suna kwance a cikin gilashi, kowanne a kan ɗan matashinsa kamar jaririn masu kuɗi. Ya sunkuya ya karanta farashin na farko, ya miƙe, ya sake sunkuyawa ko ya ƙara sifili da idonsa. Bai ƙara ba. Abin da ya ware ko maɗaurin wasunsu ba zai saya ba.

Mai sayarwar, wani dattijo mai farar riga, bai raina shi ba. Ya ciro biyu ya nuna masa, ya lura cewa baƙon ba ya kallon fuskar agogo, juya shi yake yi yana neman bayansa. Sai ya rage murya.

"Malam, idan suna kake so, nan ne wurinsa, kuma ka ga kuɗinsa. Idan inji kake so, je bayan tashar bas, saman shagon tabarau. Akwai wata mata a can. Ta fi mu sanin abin da muke sayarwa."

Matakalar shagon ƙunci gare ta, sai mutum ya karkata. A sama ya tarar da ɗaki mai taga ɗaya babba, bango duk agogo, kowanne yana faɗar albarkacin bakinsa. Matar tana zaune a gaban wani dogon tebur da ya kai mata kusan haɓa, gilashin ƙara girma maƙale a idonta na dama, hantsaki a hannu. Za ta yi shekara hamsin. Sana'ar mahaifinta ce ta gada, mutane kuwa Mai Agogo suke kiranta, kamar yadda suka kira shi. Ba ta ɗago ba sai da ta zaunar da abin da take riƙe da shi.

Suka gaisa. Ya faɗi abin da yake so, ya faɗi iyakar ƙarfinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta gyaɗa kai.

"Wane aiki kake yi, Malam? Agogo da aikin mai shi suke tafiya."

Nan ne Rewaya ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi tsabtar ɗakin, ya dubi rigarsa mai guga, ya tura hannayensa ƙarƙashin tebur.

"Harkar injina ce," ya ce. "Ina da ɗan ofis. Yawanci dai sa ido nake yi."

"To, Yallaɓai."

Ta shimfiɗa ƙyalle mai laushi, ta jera uku. Na farko ruwan zinariya ne, tsoho, na babban gida, sunan da ko mai faci zai cire hula. Zuciyar Rewaya ta yi tsalle.

"Wannan kuɗinka zai kai," in ji ta, "amma ba zan ɓoye maka ba, ya sha duniya. Cikinsa ya gaji, kayan gyaransa kuma sai an yi wata da watanni ana nema. Suna za ka saya, ka riƙa kawo min shi jinya."

Na biyu sabo ne dal, ƙato, fuskarsa cike da ƙananan da'irori da maɓallai uku a gefe. Ya ɗaura, ya ji kamar an rataya masa kwaɗo.

"Duk waɗannan me suke yi?"

"Na auna gudun mota ne da tsere. Kana tsere?"

"Ko bas ba na bi da gudu."

Ta yi murmushi, ta tura masa na ukun. Farin ƙarfe ne, madaidaici, farar fuska, baƙaƙen lambobi, maɗaurin fata ruwan ƙasa. Sunan gidan da ya ƙera shi bai taɓa ji ba. Ta ce mutum ɗaya ne ya taɓa ɗaura shi, wani malamin makaranta da idonsa ya raunana ya koma mai manyan lambobi. Ita da kanta ta warware shi gaba ɗaya, ta wanke, ta sa mai. Motsin hannu ne yake ɗaure masa sifirin da ke tafiyar da shi, idan kuma ya kwana biyu a ajiye sai a murza masa kai.

Ya juya shi. Gilashi ne. Ta miƙa masa gilashin idonta, ya maƙala da ƙyar, ya sunkuya. Duniya ta ɓace masa. Ga 'yan duwatsu jajaye kamar ƙwayar rumman, ga sukurori da aka goge kansu har suna ɗaukar ido, a wurin da ba wanda zai gani. A tsakiyar zoben nan mai kai da komo ga wata waya da ta fi gashi siranta, an naɗe ta da'ira cikin da'ira, tana buɗewa tana rufewa, babu zagayen da ya taɓa ɗan'uwansa.

"Wanda ya naɗa wannan," ya ce a hankali, "hannunsa ba ya rawa."

Ta dube shi na ɗan lokaci. Ya biya, har ya rage masa na bas da na tsarabar gida. A matakala sau biyu ya tsaya yana kai shi kunne.

Ranar Lahadi agogon bai saɓa da rediyo ko da daƙiƙa biyar ba. Matarsa ta tambaye shi lokaci ya fi sau goma, yana amsawa kamar mai karanta labarai. 'Yan biyu suka kira a waya, ya sa musu shi a bakin wayar su ji bugunsa. Ɗaya ta ce ba ta ji komai ba, ɗayar, mai wayo, ta ce kai Baba, kamar ana kiɗa.

Litinin ya tafi da shi shago. Ya yi aiki yini guda, hannun hagu yana kai da komo a gefen benci, yana ɗaukar sukuri yana mayarwa.

Ranar Talata ya yi wa wani mai injin ruwa faɗa a kan ya makara da kwata. Mutumin ya ciro wayarsa ya nuna masa, ko minti ɗaya bai makara ba. Rewaya ya ba shi haƙuri, ya faki ido ya mayar da agogon baya. Laraba ya kunna rediyo don labaran rana ya tarar ana ta waƙa, sai bayan minti ashirin aka fara. Daga nan kullum da safe sai ya shige bayan ƙofa ya saita shi a ɓoye, kafin azahar kuma ya sake tserewa. Abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa ta lura ya fara sauke hannun riga har wuyan hannu, ta kuma daina tambayarsa lokaci, wannan kuwa ya fi komai yi masa ciwo.

Mai faci ba shi da irin wannan tausayin. Ranar Alhamis ya leƙo da kofin shayi, wasu makanikai biyu a bayansa.

"Mutumina, ƙarfe nawa a ƙasar masu kuɗi?"

Rewaya ya duba. Ya san ƙarya zai faɗa, amma ba shi da wata. "Huɗu da rabi."

"Huɗu da minti biyar a nan wurin talakawa! Jama'a, ku zo ku ga agogon da ya riga gobe isa. Mutumina, idan ka kai can ka faɗa mana ko an yi ruwa."

Dariya ta cika layin. Rewaya ya miƙe. Ya ja ƙofar shago ya datse, bai wanke hannu ba, bai cire rigar aiki ba, ya nufi tashar bas da ƙafa. A hanya ya shirya maganganun da zai faɗa mata, masu zafi, ya jera su ɗaya bayan ɗaya.

Ya hau matakalar bibbiyu. Mai Agogo ta ɗago ta dube shi tun daga takalmin da ya sha baƙin mai har zuwa guntun wayar tagulla da ta maƙale a gashinsa.

"Yallaɓai," ta ce, "yau daga ofis kake?"

Maganganun da ya shirya suka watse. Ya kwance agogon ya ajiye a gabanta. "Gudu yake yi. Minti ashirin, talatin, kullum. Malama, na yarda da ke."

Ba ta buɗe shi ba. Ta jawo aljihun tebur ta ciro ɗan kamfas irin na matafiya, ta ajiye, ta jira allurarsa ta tsaya. Sannan ta kawo agogon kusa. Allurar ta zabura ta bi shi. Ta kai shi dama, ta bi shi dama.

Rewaya ya dafe kai. Ba ya buƙatar bayani. Ya ga bencinsa, ya ga ƙaton mayen ƙarfen lasifika, ya ga hannunsa na hagu yana wucewa ta kansa sau ɗari a yini.

"Maye ya kama shi," ya ce.

"Ya kama shi. Siririyar wayar nan da ka yaba, zagayenta sun manne da juna, ta gajarce, shi ya sa yake sauri. Lafiyarsa ƙalau. Da ka faɗa min aikinka na gaskiya, da na gargaɗe ka tun ranar."

"Rewayin nake yi," ya ce, idonsa a ƙasa. "Shekara ashirin da shida."

"Ai na ga alama da ka leƙa cikinsa. Masu sa ido ba sa kallon abu haka." Ta numfasa. "Maganinsa minti ɗaya ne, da na'urata ta cire maye tana aiki. Ga ta can, ta mahaifina ce. Wata uku ke nan ta yi hayaƙi ta mutu. Na yi odar sabuwa, har yau shiru. Sai dai in aika agogon wurin wani abokin sana'a a wani gari, mako biyu ko uku."

Ya bi hannunta da kallo. Wani baƙin akwati ne a kan kanta, mai rami a tsakiya da maɓalli ɗaya ja. Ya ɗauko, ya kai hanci ya shinshina. Wannan warin ko a mafarki ya san shi.

"Ba ni sukundireba."

Ta ba shi mafi girma a cikin nata, wanda a hannunsa ya zama kamar tsinken sakace. Ya buɗe murfin. Ga koyil, naɗin wayar ciki, ya yi baƙi, banish ɗinsa ya narke ya daskare.

"Malama, wannan ba mutuwa ya yi ba, suma ya yi. Gobe war haka zan dawo miki da shi."

Washegari bai karɓi aikin kowa ba. Abu na farko da ya yi, ya ɓamɓare mayen ƙarfen daga benci ya kai shi can ƙuryar shago, ya zuba sukurorin a gwangwani. Sannan ya zauna ya warware ƙonanniyar wayar yana ƙirga zagayenta da baki, ya auna kaurinta, ya zaɓo sabuwa daga cikin wadda yake ɓoyewa don aikin da ya isa. Ya naɗa da hannu, layi a kan layi, yana sa takarda a tsakani, babu zagayen da ya hau kan wani. Ya tsoma a banish, ya gasa, ya jira ya huce, ya gwada da mita. Igiyar wutar ma ta tsufa, ya canza ta. Mai faci ya leƙo sau biyu da zolaya a bakinsa, ya ga fuskar mutumin, ya koma da abarsa.

Da la'asar ya ajiye akwatin a teburin Mai Agogo. Kafin ta sa a wuta sai da ta buɗe murfin, ta maƙala gilashinta, ta daɗe tana kallon naɗin.

"Da hannu ka yi wannan?"

"Da hannu."

"Na kamfanin bai kai shi kyau ba. Na san shi, tun ina yarinya nake leƙa cikinsa." Ta tashi ta jawo kujera ta ajiye a gefenta, a bayan teburin, inda ba ta barin kowa ya shiga. "Zauna, Malam. Kai za ka yi da kanka."

Ta nuna masa. Ya sa agogon a ramin, ya danna jan maɓallin, akwatin ya yi gunji a hankali, daidai irin ƙarar da yake so ya ji. Ya janye agogon sannu sannu har iyakar tsawon hannunsa, sannan ya saki maɓallin. Ta kawo kamfas. Allurar ko gezau ba ta yi ba.

Ta tambayi kuɗin aikinsa, ya ce ta bar zancen. Ta ce to, nan da shekara huɗu ko biyar ya kawo agogon a yi masa wanka da mai, ita ma kada ya yi mata zancen. Ta ƙara da cewa akwai masu gyaran agogo biyu da ta sani da irin wannan akwati a mace, za ta turo su.

"Ki ce su tambayi Rewaya," ya ce. "Duk layin an san ni."

Bayan mako guda agogon ya saɓa da rediyo da daƙiƙa goma sha ɗaya kacal. Mai faci ya gwada shi sau uku a gaban mutane, sau uku yana shan ƙasa. A na huɗun batirin nasa ne ya mutu, ya zo da kansa yana tambaya da gaske, Rewaya kuwa ya faɗa masa har da daƙiƙa, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Daga faifan ƙarfen wata tsohuwar taransifoma ya yanko ya ƙera ɗan akwati mai murfi, ya shimfiɗa masa ƙyalle a ciki, ya kafa shi a saman kanta kusa da ƙofa. Ya san irin wannan ƙarfen yana tare jan mayen ƙarfe. Da safe idan ya iso sai ya kwance agogon ya kwantar da shi a ciki, ya kama aikinsa da baƙin hannu kamar kullum. Da yamma ya wanke hannu da kananzir, ya bi da sabulu sau biyu, ya ɗaura abinsa.

Wata yamma matarsa tana tsaye a ƙofar gida ta hango shi tafe, a ƙafa, yana gaisawa da mutane yana ɗaga hannun hagu. Ta riƙe baki har ya iso.

"Baban 'yan biyu, zafi kake ji a hannu ɗaya?"

Ya duba. Hannun rigarsa na hagu a naɗe yake har gwiwa, na dama kuwa a sauke, da maɓallinsa.

"Haka ake yayi yanzu," ya ce, ya wuce ciki.